Muna karanta littafin ne, ko Bature muke nema a ciki?

Akwai wata rana a ajinmu na shekara ta uku da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni, duk da ba ni aka tsayar a gaban allo ba. Kwas ɗin adabin bayan mulkin mallaka ne, wanda mu dai fos-koloniyal kawai muke ce masa, kuma ranar wani abokinmu ne ke gabatar da takarda a kan Things Fall Apart na Chinua Achebe. Gayen ya iya Turanci ba ƙarya, yayi wajen minti ashirin yana zuba, haibiriditi ta shigo, sabaltan ya shigo, ya ambaci Edward Said ya ambaci Homi Bhabha ya jawo Spivak ya ɗora, wato manyan masu tiyorin fannin, mu kuwa sai gyaɗa kai muke kamar ƙadangaru saboda babu mai son a gane bai gane ba. Da ya gama aka tafa masa. Malamin wani dattijo ne mai sanyin magana, ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga, sannan yace, "Madalla. To faɗa min, 'ya'ya nawa Ekwefi ta haifa, nawa suka rayu?"

Aji yayi tsit. Abokin namu ya juya takardunsa gaba da baya kamar amsar za ta faɗo daga ciki, can yace, "Malam, ai wannan ba ya cikin ɓangaren da na duba." Malam ya juyo kanmu, duk faɗin ajin nan hannu biyu ne suka tashi, kuma nawa ba ya ciki. Ekwefi matar Okonkwo ce, jarumin littafin, goma ta haifa, tara suka mutu tun suna ƙanana, Ezinma kaɗai ta tsaya. Achebe ya zauna ya rubuta yadda matar nan ta bi bayan Chielo, mai hidimar abin bautar garin, cikin duhun dare, ita kaɗai, tana rawar ɗari da tsoro, don kawai an goya mata 'yarta ɗaya tilo an nufi kogon abin bauta da ita, mu kuma da muka ce mun karanta littafin ba mu ma san da ita ba, saboda babu Bature a wannan babin, kuma abin da babu Bature a ciki ba ya fitowa a jarrabawa.

To wannan shi ne ƙorafina da yadda ake koyar da kwas ɗin nan a jami'o'i, kuma tun yanzu bari in ce ba ina cikin masu cewa a soke shi bane, ni na amfana da shi sosai. Amma an ɗauko littattafan da mutane suka rubuta don su nuna cewa suna da rayuwa tasu ta kansu, da dariyarsu da mugun halinsu da kishiyoyinsu da matattunsu, sai aka maida su duka amsa ce ake ba Bature. Ɗalibi ya buɗe littafi ba ya tambayar me ke damun mutanen nan, farauta yake shiga, ina mai mulkin mallaka, ina wanda aka danne, ina turjiya, in ya samo ukun nan shi ke nan ya gama, maki ya zauna.

Ka duba shi kansa littafin na Achebe da ya fito a 1958. Babi 25 ne, sha ukun farko, wato fiye da rabin littafin, babu Baturen da ya taka ƙafa a Umuofia, garin su Okonkwo, sai dai a hira kamar almara. Abin da ke ciki shi ne Okonkwo, mutumin da tsoron kar ya zama kamar ubansa ya cinye shi, har ya sa hannu a kisan yaron da ke kiransa baba, da tagwayen da ake jefarwa a daji, da mutanen da aka ware aka ce ba a aurensu ba a zama da su. Sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga, kuma Achebe bai ɓoye tsagar ba, shi ya sa da 'yan mishan suka zo waɗanda suka fara binsu su ne waɗanda garin ya riga ya yar. Wannan ai magana ce mai nauyi da ta shafi kowace al'umma, amma a takardar jarrabawa sai ta koma layi ɗaya, wai zuwan Turawa ya ruguza al'adun gargajiya, tattauna. Abin da ya fi ban haushi ma, a shafin ƙarshe na littafin, jami'in mulkin mallakan nan bayan ya ga gawar Okonkwo ya juya yana tafiya yana lissafin cewa labarin mutumin zai iya cin sakin layi guda a littafin da yake rubutawa. Achebe gatse yake yi masa. Mu kuma muka zo bayan shekara hamsin da wani abu muka yi wa Okonkwo daidai abin da jami'in yayi niyya, sakin layi guda, sai dai namu da sunan tiyori.

Maganar tiyori kuwa, tsakani da Allah akwai ta ƙwarai. Orientalism na Said da ya fito a 1978 ya buɗe min ido a kan yadda ilimi da mulki suke tafiya hannu da hannu, yadda wanda ya ci ka da yaƙi shi ne kuma zai rubuta ko kai wane ne. Laccar da Achebe yayi a Amurka a 1975 inda ya fito fili yace Joseph Conrad, marubucin Heart of Darkness, mai wariyar launin fata ne, ita ma duk ɗalibin adabi ya kamata ya karanta ta ko da zai ƙare da ƙin yarda da shi. Matsalar ita ce ana ba yaro tiyorin kafin a ba shi littafin, kuma wasu daga cikin rubuce-rubucen nan ko Baturen Ingila sai ya haɗa gumi, Bhabha fa har matsayi na biyu ya taɓa zuwa a wata gasar mummunan rubutu da wata mujallar falsafa ta shirya a 1998. Sai ka ga yaron da Turanci harshensa na biyu ne ko na uku yana haddace jimlar da bai san kanta ba balle gindinta, ya je ya juye ta a jarrabawa, malami ma ya ba shi maki don ya ga kalmomin da yake nema. Kuma ka lura, manyan masu tiyorin nan daga ina suka yi magana? Said da Spivak a Jami'ar Kolombiya ta Niyok, Bhabha a Harvard, littafin The Empire Writes Back na 1989 da ya zama kamar alƙiblar kwas ɗin kuwa daga jami'o'in Ostireliya ya fito. Ban ce laifi bane mutum ya zauna inda aka fi biyansa, amma dai akwai abin dariya a ce ɗalibi a Kampala ko Lahore ko Kingston sai ya jira an aiko masa daga Niyok da tabarau ɗin da zai kalli littafin maƙwabcinsa.

Sunan ma kansa, bayan mulkin mallaka. Wato tarihinka an raba shi biyu kenan, kafin su zo da bayan sun tafi, su ne turken da ake ɗaure komai. Kenya daga 1895 zuwa 1963 Ingila ta riƙe ta, bai ma kai shekara 70 ba, alhali a gaɓar tekun nan ana rubuta dogayen waƙoƙi da Sawahili tun ƙarni na 18. Indiya kuwa ba a ma magana, rubutunsu ya girmi ita kanta Ingilar. Sannan a ƙarƙashin sunan nan guda ake cusa Kanada da Ostireliya da Zimbabuwe da Jamaika da Sirilanka a buhu ɗaya, jikan wanda ya ƙwace gonar da jikan wanda aka ƙwace wa duk sun zama 'yan aji ɗaya. Me ya haɗa su? Turanci kawai, da tutar da ta taɓa kaɗawa a kansu.

Kuma nan ne ainihin inda gizo ke saƙar, wannan ɗan sharaɗin na cewa sai wanda aka rubuta da Turanci. Ba yau aka fara rigimar ba. A 1962 an yi wani taro a Makerere da ke Uganda, taron marubutan Afirka masu rubutu da Turanci, Achebe yana wurin, Soyinka yana wurin, Okigbo yana wurin, Ngugi wa Thiong'o ma yana wurin a lokacin yana ɗalibi da 'yan gajerun labarai a hannu. Daga baya shi Ngugin ne da kansa ya nuna abin kunyar da ke ciki, cewa shi ɗan yaro ya cancanci shiga saboda Turanci, amma Shaaban Robert babban mawaƙin Sawahili da D. O. Fagunwa da ya rubuta manyan labarai da Yarabanci ba su cancanta ba. Shekara ɗaya bayan taron Obi Wali ya rubuta a mujallar Transition cewa wannan hanyar ba ta ɓullewa. A 1968 Ngugi da abokan aikinsa biyu, Taban lo Liyong da Owuor Anyumba, suka rubuta takarda a Jami'ar Nairobi suna neman a rushe sashen Turanci gaba ɗaya a kafa na adabi wanda Afirka za ta zama cibiyarsa. A ƙarshen 1977 gwamnatin Kenya ta kulle shi a kurkukun Kamiti, kuma abin lura shi ne duk littattafan Turancin da ya yi a baya yana caccakar masu mulki ba su sa an kama shi ba, sai da yayi wasan kwaikwayo da Gikuyu tare da manoma da leburori a ƙauyen Kamiriithu, wanda talaka zai ji ya gane, sannan aka zo aka ɗauke shi. A can ciki ya rubuta labarinsa na farko da Gikuyu a kan takardar bayi. Duk wannan ana koya mana shi a aji, da Turanci, mu rubuta jarrabawa a kai da Turanci, a silabus ɗin da babu littafi ko ɗaya da aka fara rubutawa da wani harshe. Ka ji inda ake wa'azin wanka a cikin kwata.

Achebe yana da amsarsa kuma ba amsar banza bace. A ganinsa ƙasar da ke da ɗaruruwan harsuna tana buƙatar wanda zai haɗa ta, Turancin ya riga ya zo, shi kuma zai tanƙwara shi har ya ɗauki kayan da ya ɗora masa, kuma wallahi ya tanƙwara, duk wanda ya karanta hirar dattawan Umuofia ya san Ibo yake ji cikin rigar Turanci. Sannan akwai mutanen Karebiyan, su Derek Walcott da Sam Selvon, waɗanda aka raba kakanninsu da harsunansu tun a jirgin ruwa, su in kace su koma harshen uwa ina za su koma? Turancin da Kiriyol ɗin su ne nasu. Ken Saro-Wiwa ma a Sozaboy na 1985 da gangan ya ɓata Turancin ya rubuta yaƙi da bakin ƙaramin soja, kuma babu wani harshe da zai yi wannan aikin kamar haka. Don haka ni ban yarda da masu cewa kayan aro ne duka ba ya rufe katara ba, wani aron ya daɗe har ya zama gado. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki ɗaki ɗaya a ce shi ne gidan.

Kuma haka ake yi, ko ba a faɗa da baki ba. Ɗalibi ya gama digiri yana ganin adabin Afirka ya fara ne daga Amos Tutuola a 1952 ko Achebe a 1958, na Indiya kuma daga R. K. Narayan zuwa Salman Rushdie. Shi Rushdien ma a 1997 da suka haɗa kundin rubutun Indiya na shekara 50 bayan 'yanci, cewa yayi abin da aka rubuta da Turanci ya fi na sauran harsunan ƙasar ƙarfi, kuma a duk kundin labari ɗaya tak suka sa wanda fassara ce, na Saadat Hasan Manto daga Urdu. Marubutan Indiya sun yi masa ca, kuma sun yi daidai, don maganar tasa ta yi kama da ta Macaulay, Baturen da a 1835 ya rubuta cewa kanta ɗaya ta littattafan Turai ta fi duk abin da Indiya da ƙasar Larabawa suka rubuta, bayan shi da bakinsa ya amsa cewa bai iya Sanskirit ba bai iya Larabci ba. Daga irin wannan tunanin aka fara koyar da adabin Turanci a makarantun Indiya don a samar da ma'aikatan da za su yi tunani irin na masu gida, tun kafin Jami'ar Oxford ta buɗe nata digirin na Turanci a 1894. Wato shi kansa fannin da muke zaune a ciki ɗan mulkin mallaka ne na cikinsa, a can aka haife shi. A 2001 Amitav Ghosh ya janye littafinsa daga gasar marubutan Kwamanwel saboda gasar ba ta karɓar komai sai Turanci, shi da yake da Turancin yake rubutu. Ko shi ya ga abin bai yi tsari ba.

Wani abin kuma da ba a cika faɗa a aji ba shi ne wa ke zaɓar littattafan da ke shiga silabus. Jerin African Writers Series da kamfanin Heinemann ya fara a 1962 daga Landan, wanda Achebe ya zama mai ba shi shawara na shekara goma, shi ya gina kusan duk abin da ake kira adabin Afirka a makarantu, kuma an gode musu, ba don su ba da yawa ba za mu san su ba. Amma har yau hanyar ba ta canza ba, a buga ka a Landan ko Niyok, ka ci kyautar Booker ko ta Nobel, sannan jami'ar ƙasarku ta tuna da kai. Abdulrazak Gurnah ɗan Zanzibar ne, Sawahili ya tashi da shi, ya ci Nobel a 2021, amma sai bayan kyautar aka fitar da fassarar littafinsa Paradise da Sawahili. Marubuci kuma ba wawa bane, ya san mai saye, ya san irin labarin da ke tafiya a can, yaƙi da yunwa da gudun hijira da yaron da ya rasa ko shi wane ne a tsakanin al'adu biyu. Ba ƙarya suke rubutawa ba, amma in kullum irin wannan ake ɗauka sai ɗalibi ya zaci mutanen ƙasashen nan ba sa soyayya ba sa barkwanci ba sa rigimar gado, kullum suna zaune suna tunanin Ingila.

Ni da za a tambaye ni, gyaran ba wani mai tsada bane. A fara da littafin, a karanta shi tas daga bango zuwa bango, a yi musu a kan mutanen ciki kamar yadda ake musu a kan 'yan uwa, sai a rabin samista a kawo su Said a ga ko maganarsu ta hau ko ba ta hau ba, kuma a ba ɗalibi dama yace ba ta hau ba ba tare da an zaftare masa maki ba. Sannan a buɗe ƙofar harshe. Season of Migration to the North na Tayeb Salih ɗan Sudan da Larabci aka rubuta shi a 1966, kuma duk silabus ɗin da ya sa Conrad ya bar shi ya cuci ɗalibansa. Geetanjali Shree ta ci Booker ta ƙasa da ƙasa a 2022 da littafin da ta rubuta da Hindi, Banu Mushtaq ta ci a 2025 da labaran da ta rubuta da Kannada, wato fassarorin suna nan, ba wai babu bane. Abin da ma ya fi wannan, kowane ɗalibi a ajin nan yana da harshen da yake mafarki da shi, to a sa shi ya kawo waƙa ɗaya ko labari ɗaya daga harshen, ya fassara shafi biyu da kansa, ya tsaya gaban aji ya bayyana abin da ya ƙi fassaruwa da dalilin da ya sa ya ƙi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma wanda ya taɓa kwana yana kokawa da karin magana ɗaya da ta ƙi shiga Turanci zai gane abin da Achebe da Ngugi suke jayayya a kai fiye da wanda ya haddace handawut goma.

Na san abin da za a ce, nan sashen Turanci ne, masu son wancan su tafi sashen harsuna, kuma wa zai duba aikin ɗalibin da ya kawo harshen da malami ba ya ji? Ta biyun tambaya ce ta gaske, sai an haɗa kai da wasu sassan, su kuma sassan jami'a kowa ya san yadda suke da kishi a kan kwasa-kwasansu kamar kishiyoyi a kan miji. Ta farkon kuwa ban karɓe ta ba, don sassan Turancin nan sun daɗe suna koyar da Homer da Sophocles da Ibsen da Chekhov a fassara, babu wanda ya taɓa cewa Girkanci ko Rashanci ba Turanci bane a fitar da su. Sai an zo kan Sawahili ko Bengali ko Larabci ake tuna sunan da ke rubuce a ƙofar ofis.

Kwanaki wata ƙanwata da ke shekarar ƙarshe ta kira ni, furojet take rubutawa a kan Nervous Conditions na Tsitsi Dangarembga, tace, "Yaya don Allah wace tiyori zan ɗora a kai, sufabaiza yace sai na kawo tiyori kafin ya sa hannu a babi na ɗaya." Nace to kin karanta littafin? Tace ta karanta taƙaitawarsa a intanet, kuma ta sauke takardu shida da aka rubuta a kansa. Nace ajiye takardun nan, ki je ki karanta jimlar farko ta littafin kawai, inda yarinyar ke faɗin abin da ta ji da yayanta ya mutu, in kin karanta ki kira ni. Ba ta kira ba sai bayan kwana uku, wajen ƙarfe ɗaya na dare, ko sallama babu, wai Nyasha, 'yar baffan yarinyar da ke ba da labarin, ita ce ta hana ta barci, kuma me ya sa babu wanda ya lura yarinyar nan ta daina cin abinci sai da abu ya lalace. Mun fi awa ɗaya muna magana har katinta ya ƙare. Tiyorin dai har yanzu ba ta zaɓa ba, sufabaiza kuma yana nan yana jira.